Intanet na kebul a gidan haya: abin da zaka duba kafin ka sa hannu

Duk wanda yake zaune a gidan haya, musamman irin benen nan mai fulat da yawa, in ya tashi saka intanet na gida abin da idonsa yake fara sauka a kai shi ne lambar gudun da kamfani ya rubuta a talla, mega 300 (wato megabit 300 a daƙiƙa), mega 500, wani ma har giga ɗaya, wato mega dubu. Ni kam a ganina wannan lambar ce ya kamata ka duba a ƙarshe. Gidan ba naka ba ne, wayar da take cikin bangon ba kai ka saka ta ba kuma baka san shekarunta ba, sannan baka da tabbas ko baɗi war haka kana nan, toh waɗannan abubuwan su ne zasu nuna maka ko kebul ya dace da kai ko ka nemi wani abu daban.

Bari mu fara da shi kebul ɗin kansa. Wayar nan ce zagayayya irin ta talabijin, mai allurar tagulla ɗaya a tsakiya wadda ake murɗa kanta a jikin modem, wato na'urar da take karɓo intanet daga layin kamfani. Kamfani yana jawo faiba, wato wayar zaren gilashi mai ɗaukar haske, zuwa wani akwati a unguwa, daga nan kuma wayar tagullar ce take rarrabawa gida-gida. Tsarin da modem yake magana da kamfani da shi sunansa DOCSIS, ya fara fitowa a 1997, na 3.0 ya zo a 2006, na 3.1 kuma a 2013, kuma gaskiya in a yau aka miƙo maka modem ka tambaya ko 3.1 ne, domin ya fi tsohon iya jure hayaniyar layi kuma ya fi shi ɗaukar gudu. Amma abin da ba a cika faɗa maka ba shi ne wancan akwatin na unguwa ba kai kaɗai ne a kansa ba, kai da maƙwabtanka ne duka, kamar bututun ruwa ɗaya da ya shigo layi, da rana ruwa yana zuwa da ƙarfi amma da kowa ya buɗe famfonsa sai ya koma tsiyaya. Shi ya sa zaka ga da safe komai yana tashi nan take, daga ƙarfe takwas na dare zuwa sha ɗaya kuma bidiyo ya dinga tsayawa. Ba kowace unguwa ba ce haka fa, inda kamfani ya raba akwatin ya rage yawan gidajen da ke kai ba zaka ji komai ba. Wanda zai faɗa maka gaskiyar unguwarku shi ne maƙwabcinka na ginin da yake amfani da kamfanin, ka roƙe shi ya gwada maka gudun da daddare kana tsaye, ka kuma tambaye shi sau nawa yake ɗaukewa kuma in ya ɗauke kwana nawa ake yi kafin a turo mai gyara.

Sai maganar ɗorawa. Kebul yana da ƙarfin saukewa amma wajen ɗora abu yana da rauni, tun asali ɗan ƙaramin ɓangare na layin aka ware wa abin da yake fita daga gidanka. Zaka iya ganin mega 500 na saukewa amma na ɗorawa bai wuce 20 ko 30 ba. In kallo kawai kake yi babu damuwa, bidiyo mai kyau na 4K ma mega 15 zuwa 25 ya ishe shi, amma in aikinka tura manyan fayil ne ko ɗora bidiyo ko kuma mutum uku ne a gidan kowa yana taron aiki ta kamara, wannan lambar ta biyu ita zaka nema, kuma sau da yawa a ƙasan tallar ake ɓoye ta da ƙananan haruffa.

Inda nake so a fi tsayawa shi ne wayar cikin gida, don a nan ne gidan haya ya bambanta da gidan kanka. Mutum nawa ne suka zauna a fulat ɗin kafin kai? Kowanne ya zo ya ƙara nasa, wannan ya raba waya zuwa ɗakin kwana, wancan ya ja ta zuwa falo, duk da wannan ɗan ƙarfen mai raba waya, wasu a bayan kabad wasu a saman silin inda ba mai gani. Kowane mai raba waya gida biyu yana cinye kusan dB 3.5 (dB ma'aunin ƙarfin sigina ne), wato fiye da rabin ƙarfin sigina ya tafi, mai gida huɗu kuma kusan 7, toh ka lissafa in guda uku ne a jere kafin waya ta iso modem ɗinka. Ga kuma tsohuwar waya siririya RG59 da ake samu a tsofaffin gine-gine, alhali RG6 ake so. Ga kan waya da ya yi tsatsa ko ya saki. Abin da ya fi ban haushi ma, kan waya da ya saki a fulat ɗin wani yana iya shigo da hayaniya cikin layin ya dame ku duka, kai kana ta kashe modem kana kunnawa alhali matsalar tana hawa na sama.

Don haka ranar da mai sakawa ya zo ka kasance kana gida, kar ka bar wa yaro ko maƙwabci makulli. Ka ce ya auna sigina a daidai soket ɗin da zaka ajiye modem, ya cire duk mai raba wayar da ba a buƙata, ya canza kawunan da suka tsufa, bakin da ba a amfani da shi kuma ya toshe shi da murfinsa. Kafin ya tafi ka buɗe shafin modem, yawancinsu in ka rubuta 192.168.100.1 a burauza zai fito, duk da wasu kamfanoni suna rufe shi. Ƙarfin sigina mai shigowa ana so ya tsaya tsakanin -7 da +7 dBmV, mai fita kar ya haura wajen 50, tsabtar sigina wadda suke rubutawa SNR kuma daga 35 zuwa sama. In mai fita ya manne a sama ma'ana modem yana ihu ne kafin kamfani ya ji shi, irin wannan layin yau zai yi aiki amma shi ne mai yawan yankewa daga baya. Ka ɗauki hoton shafin a ranar ka ajiye, in matsala ta taso kana da abin nunawa, ba zasu tsaya suna ce maka ka cire wuta ka mayar ba.

In akwai soket ɗin kebul a fulat ɗin kuma yana da rai, ka huta, wani lokaci ma aiko maka da modem za a yi ka jona da kanka. In babu toh dole a huda bango ko a bi da waya ta jikin gini, kuma nan ne mai gida ya shigo. Don Allah kar ka yarda da izinin baki, ko saƙon waya ne ka samu a rubuce cewa ya amince, a faɗi inda za a huda da kuma ko za a bar wayar ranar da ka tashi. Ka ɗauki hoton bangon kafin a taɓa shi da bayan an gama, saboda kuɗin ajiyarka. Sannan a manyan gine-gine akwatin da ake rarraba wayoyi yana cikin wani ɗaki a kulle, makullin yana hannun mai kula da gini, in baka shirya da shi ba mai sakawa zai zo ya tsaya a ƙofa ya koma, kai kuma ka sake jiran wata ranar.

Toh ina faiba? In har ta riga ta shigo ginin ni bana ganin dalilin tsayawa dogon tunani, ita zaka ɗauka. Haske ne yake tafiya a cikinta, ba ruwanta da hayaniyar lantarki ko tsatsa, ɗorawarta tana da ƙarfi, kuma tsakanin kamfani da gidanka abubuwan da suke raba layin basa buƙatar wuta. Kebul kuwa akwatin unguwa da na'urorin ƙara sigina da ke kan hanya duk wuta suke ci, in wutar unguwa ta ɗauke batir ɗinsu ya ƙare, ko ka jona modem ɗinka a batir naka ba abin da zai zo. Ita ma faiba ana raba ta da maƙwabta, a tsarin faiba da ake kira GPON wajen giga 2.5 ne ake raba wa gidaje har 32 ko 64, amma ba ta cika shaƙewa ba. Matsalarta a gidan haya ita ce in bata shigo ba, sai an ja sabon layi an manna akwati a bango, wani lokaci sai kamfani ya yi yarjejeniya da mai ginin gaba ɗaya, abin da zai iya cin watanni kuma ba a hannunka yake ba.

Intanet ta layin tsohon tarho kam sai in babu wani zaɓi, gudunta ya dogara da nisanka da akwatin titi, kana yin nisa tana faɗuwa. Starlink kuma, mai kawo intanet ta tauraron ɗan adam, yana son sarari a buɗe ba gini ba bishiya, wanda yake hawa na biyu a bene mai hawa shida da wuya ya samu inda zai kafa shi ba tare da izinin hawa rufi ba.

Wadda take gogayya da kebul da gaske a wajen ɗan haya ita ce rauta (na'urar da take raba Wi-Fi a gida) mai sim ta 4G ko 5G. Ba huda bango, ba jiran mai sakawa, ba neman izinin kowa, ranar tashi ka saka ta a jaka. Amma gudunta yana hawa yana sauka fiye da na kebul, ya danganta da nisan turken sabis da kaurin bango da yawan mutanen da suke kai, kuma wasu kamfanonin suna cewa data ba iyaka amma in ka wuce wani adadi sai su rage maka gudu. Gwada ta yana da sauƙi dai, ka saka sim ɗin kamfanin a wayarka ka zagaya tagogin gidan kana aunawa dare da rana. In hayarka bata kai shekara ba, ko mai gida ya ƙi a huda, ni ita zan ce ka ɗauka. In kuma zaka daɗe, soket yana nan, maƙwabta basu koka da dare ba, lambobin modem sun yi kyau, kebul ya fi ta tsayuwa nesa ba kusa ba, musamman ga mai taron aiki ta bidiyo ko wasan gem.

Wani abu kuma, da yawa daga laifin da ake ɗora wa kebul na Wi-Fi ne. A bene zaka buɗe waya kaga sunayen rautoci sun cika allo, duk suna cunkushe a 2.4 GHz wanda hanyoyi uku ne kacal a cikinsa basa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Ka koma 5 GHz in kana kusa, ka fito da rauta fili kar ka cusa ta bayan talabijin, in zaka yi gwajin gudu kuma ka jona kwamfuta a jikin rauta kai tsaye da igiyar waya, ba ta Wi-Fi ba, sannan ka san waye mai laifin.

Kwantiragin kuma ka karanta shi da takardar hayarka a ɗaya hannun. Wata 12, 18, 24, in na intanet ya fi na haya tsawo ka tambaya tun yanzu me zai faru in ka koma inda kamfanin baya zuwa, wasu zasu sake ka wasu kuma sai ka biya ragowar watannin. Gara ka biya ɗan ƙari a tsarin wata-wata da ka ɗaure kanka shekara biyu a gidan da ba naka ba. Ka tambayi nawa kuɗin zai koma in rangwamen farko ya ƙare, ko modem haya ne ko naka ne, kuma waye zai biya in aka gano matsalar daga wayar cikin bango take. A ƙasashen Tarayyar Turai in ta waya ko ta intanet ka ƙulla kana da kwana 14 na fasawa, a ko'ina kake dai ka tambayi ko akwai irin wannan damar, ka yi amfani da kwanakin wajen gwaji da daddare. Ranar da zaka tashi kuma ka mayar musu da modem da abin cajinsa ka karɓi rasit mai lambar jikin na'urar, don in babu wannan takardar suna iya cajinka kuɗin modem ɗin bayan ka daɗe da barin gidan.