JST ko XT30: Wanne Ya Dace da Ƙaramin Mutum-mutumin Faɗa?

Duk matashin da ke harhaɗa ƙaramin mutum-mutumin faɗa (na'urar da ake sarrafawa daga nesa don karawa da wata a gasa) a nan Legas zai zaɓi mahaɗin batir tsakanin jan JST da XT30 ruwan ɗorawa. JST ba shi da nauyi, amma wutar lantarki ta amfiya 3 kawai aka ƙera shi ya ɗauka, saboda haka ya fi dacewa da na'ura mai giram 150 wadda ba ta da makami mai juyawa. Idan injin makami ya ja wuta da ƙarfi, sai JST ya ɗau zafi har robarsa ta narke. Ni dai XT30 nake nema idan na shiga kasuwar kayan lantarki ta Computer Village a Ikeja, domin yana jure amfiya 15 ba tsayawa, yana kuma riƙewa gam ko an sha karo, sai dai dole a liƙa wayarsa da dalma.