Kafin a sayi maganin ƙarar tiram a kwana, a fara duba sama

Duk wanda ya taɓa zama kusa da kwanar tiram, wato jirgin ƙasa mai lantarki da ke bin titin gari, a Kasabalanka ko Aljas ko wani birni na Turai ya san ƙarar nan mai tsini da ke shiga har haƙori. Ya kuma san cewa ranar da aka tafka ruwan sama, ƙarar ɗaukewa take yi ba da sisin kowa ba. To idan kana cikin kwamitin da zai sayo maganinta, kada ka yarda dillali ya gwada maka kayansa a kan jiƙaƙƙen dogo. Ranar nan ko mai sayar da toka zai ci jarrabawa.

Ciwon iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko a saman dogo yake. Idan tiram ya shiga kwana, tayoyin gaba ba sa fuskantar inda dogon ya karkata daidai, sai su riƙa zamewa gefe kaɗan-kaɗan, su kama su saki, sau ɗaruruwa ko dubbai cikin daƙiƙa guda, har tayar ta ɗauki amo kamar ƙararrawa. Galibi tayar gaba ta cikin kwana ce mai wannan ihu. Na biyu kuwa leɓen tayar waje, wato bakin da ke hana ta sauka daga dogo, shi ne ke gogar gefen dogon. Injiniyoyi na da tsohuwar ƙa'ida tun shekarun 1970: idan nisan kwana daga cibiyar da'irarta bai kai ninki 100 na tazarar tayoyin gaba da na baya a ƙafa guda (wato rukunin tayoyin da ke ɗauke da tarago) ba, a sa ran ƙara. Tazarar nan a tiram kusan mita 1.8 ce, ke nan ana son mita 180, alhali kwanar titin gari takan sauko zuwa mita 25. Ka ga tun daga zane aka haifi matsalar.

Mafi araha a ido shi ne feshin ruwa, wato a kwaikwayi damina da famfo da bututu. Yana aiki nan take. Sai dai inda ake sanyin ƙanƙara bututun daskarewa yake yi, inda ake zafi kuma ruwan ya bushe kafin tiram na gaba ya iso. Ga tsatsa, ga santsi ga masu keke da babur. Ni dai ba zan saye shi ba sai don kwanar da ke cikin gareji, inda babu mai tsallakawa.

Giris shi ne kowa ke fara tunawa, kuma a nan ake yawan asarar kuɗi. Wurinsa gefen dogo ne da leɓen taya. A can yana rage cin ƙarfe, yana kashe ƙara ta biyu. Amma idan ya hau saman dogo, gogayya, wato ƙarfin riƙon taya da dogo, wadda awonta kan kai 0.5 ko fiye a bushe, sai ta faɗi zuwa kusan 0.1, birki ya daina kamawa. Direba zai saki yashi don ya tsaya, yashin ya haɗu da giris ya zama kamar sabulun goge ƙarfe. An sayi magani, an dawo da ciwon da ya fi na da.

Abin da na fi amincewa da shi don ƙarar saman dogo shi ne sinadarin daidaita gogayya. Ba mai ba ne. Siririn shafi ne da ke riƙe gogayya a tsaka-tsaki, wajen 0.3 zuwa 0.35, yadda birki zai kama amma tayar ta daina kamawa tana saki. Akwai na ruwa, akwai kuma sandar da ake jingina wa taya tana cinyewa a hankali, irin wadda aka daɗe ana amfani da ita a jirgin SkyTrain na Bankuba a Kanada. Na ruwan ma hanya biyu ce. Akwatin gefen hanya ya dace da garin da kwana ɗaya ko biyu kawai ke damun mutane, amma sai an riƙa zuwa ana cika shi, ana share bakinsa, kuma motocin da ke taka dogon kan kwashe shafin da tayoyinsu. Na'urar da ke jikin tiram, wadda ke fesawa da kanta idan ta gane an iso kwana, ta fi tsada da farko, sai dai ana cika ta a gareji wuri guda. Rauninsu ɗaya ne: ruwan sama mai ƙarfi na wanke shafin. A lokacin ruwan babu damuwa tunda shiru ake, amma da dogo ya bushe tas, ƙarar kan dawo da ƙarfinta kafin shafin ya sake kamawa. Tambayi dillali tiram nawa za su wuce kafin hakan. Kada kuma a ɗauka raɓar asuba ko iska mai laima daidai suke da ruwan sama. Ɗan danshi bai cika kashe ƙarar ba.

Wanda bai damu da yanayi ba shi ne gyaran tayar kanta: taya mai roba tsakanin cibiya da baki, ko zobba da faranti masu shanye amo. Ba sa hana zamewar, rage ƙarfin ihun kawai suke yi, kuma an fi samun sauƙinsu idan an sa su cikin kwangilar sayen taragu tun farko.

Garin ƙura lissafinsa daban ne. Tiram ɗin Wargala, a Saharar Aljeriya, da aka buɗe a 2018, sai da aka ƙera taragunsa musamman don zafi da rairayi. Duk birnin Sahel da ya yi niyyar shimfiɗa irin wannan layi zai gamu da hunturu, kuma duk abu mai danƙo a kan dogo tarkon ƙura ne. A irin wannan wuri zan zaɓi sinadari mai bushewa da wuri da taya mai roba, in taƙaita giris ga leɓen taya kawai. A takardar kwangila kuma zan sa a auna ƙarar sau uku a kwana guda: da tsakar rana a tsakiyar rani, da asuba, da kuma 'yan sa'o'i bayan ruwa ya ɗauke. Ba za a biya cikon kuɗi ba sai an ga sakamakon ukun.