De Pisis, Campigli ko Annigoni: wane zanen fuska ya dace ka saya?

Masu zanen nan uku 'yan Italiya ne na zamani ɗaya, amma salon zanen Faransa bai ratsa su daidai ba, kuma nan ne haɗarin ciniki ya bambanta.

Filippo de Pisis ya zauna a Paris daga 1925 zuwa 1939, ya ɗauki saurin hannu irin na Manet, mai zanen Faransa. Fentinsa siriri ne, ɗan shafe nan ɗan ɗigo can, har ƙyalle ko kwalin da ya zana a kai yakan leƙo ta gefen kunci. Kyawun ke nan, tarkon ma ke nan: abin da aka yi cikin sauri yana da sauƙin kwaikwayo, shi ya sa jabunsa suka yi yawa. Kada ka taya sai ka ga aikin a kundin da Giuliano Briganti ya fitar a 1991, ko da takardar shaida daga masu kula da ayyukansa. Juya bayan zanen ka duba tambarin gidajen baje koli. Sannan haska fitilar UV (irin ta gano jabun kuɗi) a ɗaki mai duhu. Gyaran da aka yi daga baya yakan fito baƙi-baƙi, haka ma sa hannun da aka ɗora bisa man ƙyallin da ake shafa wa zane a ƙarshe.

Massimo Campigli ya isa Paris a 1919 a matsayin wakilin jarida, ya koyi tsarin masu zane Léger da Picasso, sai a 1928 kayan tarihin mutanen Etruriya, tsohuwar al'ummar Italiya, da ya gani a gidan tarihi na Villa Giulia a Roma suka juya shi. Matan da yake zanawa masu siririn ƙugu ne, launinsu na ƙasa, kamar tsohon bango. Ga mai farawa, bugun dutsensa (lithograph, zanen da ake bugawa a takarda daga kan dutse) ya fi dacewa: kuɗin da sauƙi, akwai lamba da sa hannu da fensir a ƙasa. Sa gilashin ƙara girma. In ka ga ɗige-ɗige jere reras, bugun inji ne, ka bar shi.

Pietro Annigoni, wanda ya zana Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta Ingila a 1955, ya bijire wa salon Paris. Yana haɗa launi da ƙwai da mai, ya shafa hawa-hawa. Irin wannan fenti, musamman a kan katako, ba ya son bushewar iska. Hunturun Kano na iya tsaga shi idan danshin ɗaki bai tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin 100 ba.

Lissafa kuɗi da kyau. Gidan gwanjo kan ɗora la'adar kusan kashi 25 cikin 100 bisa farashin da aka sallama. Kuma aiki mai tsada da ya haura shekara 70 da yinsa, in mai zanen ya mutu, ba ya fita daga Italiya sai da izinin hukuma, wadda tana iya hanawa. Ka sa dillali ya rubuta cewa in izini bai fito ba, kuɗinka zai dawo.