Sharhi kan kamfanin ajiye shafuka da na yi aiki da shi: ranar da rumbun bayanai ya ƙi buɗewa

Wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da shadda ne ya ba ni aikin gina masa shafin intanet da WordPress, manhajar gina shafuka da ke ajiye rubutu da saitin shafi a rumbun bayanai. Na zaɓi wani kamfanin ajiye shafuka na nan gida saboda da naira ake biyansu, ba sai an je neman katin dala ba. Ƙaramin tsarinsu na saya, irin wanda mutane da yawa ke raba sabar ɗaya, wato kwamfutar da ke riƙe shafukan, da cPanel a kai, allon da ake sarrafa asusu da shi. Wajen biya da ɗora fayiloli ba ni da ƙorafi. Inda na san halinsu shi ne da shafin ya fito fari fat, ba komai sai layi ɗaya: "Error establishing a database connection", wato shafin ya kasa haɗuwa da rumbun bayanansa.

Duk wanda ya saba gini a XAMPP, manhajar gwada shafi a kan kwamfutarka, ya san can babu wahala: mai amfani, wato sunan da ake shiga rumbu da shi, root ne, babu kalmar sirri, rumbu kuwa ka sa masa sunan da ka ga dama. cPanel ba ya haka. Yana liƙa sunan asusunka a gaba, idan ka rubuta shago sai ya koma asusunka_shago, kuma cikakken sunan ne ake so a DB_NAME, layin sunan rumbu cikin wp-config.php, fayil ɗin saitin WordPress. Na gyara wannan, na gyara DB_USER, layin sunan mai amfani, na bar DB_HOST, layin adireshin rumbun, a localhost kamar yadda takardar jagorarsu ta ce. Shiru. Abin da ya ƙara ɗaure min kai, ina buɗe phpMyAdmin, manhajar leƙa cikin rumbu, ina ganin teburan bayanan shafin duka a jere. Ashe da ikon mai asusu yake shiga, ba da mai amfanin da WordPress ke riƙe da shi ba, don haka ganin teburi a can ba hujja ba ce.

Amsar farko da masu kula da abokan ciniki suka turo ta ɓata min rai ƙwarai. Wai in share abubuwan da burauza ta adana in sake gwadawa. Matsalar tsakanin PHP, harshen da WordPress ke aiki da shi, da MySQL, manhajar da ke riƙe rumbun, take, a cikin sabarsu. Me ya haɗa ta da burauzata? Ga mai shago yana ta kira, ya riga ya raba adireshin a WhatsApp.

Abin da ya fitar da ni, kuma shi ya sa nake yaba musu duk da haka, sun bar Terminal, wurin rubuta wa sabar umarni kai tsaye, a buɗe ko a ƙaramin tsari, alhali kamfanoni da dama rufewa suke yi. Na shiga mysql da sunan mai amfanin da kalmar sirrinsa, ya karɓa. Na ce ya buɗe rumbun, sai ga lambar kuskure 1044. Nan magana ta fito fili. Da 1045 ce, to suna ko kalmar sirri aka ƙi. Da 1049 ce, babu rumbu mai wannan suna. Da 2002 ce, ba a ma kai ga MySQL ɗin ba. Ita 1044 tana nufin an san ka, an bar ka ka shigo gida, amma ba a ba ka makullin ɗakin ba.

A cPanel ƙirƙirar rumbu daban, ƙirƙirar mai amfani daban, haɗa su kuma mataki ne na uku, a ƙasan shafin, wurin da aka rubuta Add User To Database. Jagorar kamfanin ta tsaya a na biyu. Ina haɗa su na danna ALL PRIVILEGES, shafin ya tashi, hotunan atamfa suka bayyana.

Daga baya wani ma'aikacinsu da ya san aiki ya kira, ya nuna min cewa da na buɗe wp-admin, ɓangaren sarrafa shafin, maimakon fuskar shafin, WordPress da kansa zai ce ya shiga amma ya kasa zaɓar rumbun. Wannan ce amsar da ta kamata a fara turowa.

Shafin yana buɗewa da sauri ko a datar waya, kuma zan sabunta kuɗin. Amma sabon shiga da bai taɓa karanta lambar kuskure ba zai sha wuya a hannunsu. Kafin ka biya kowane kamfani, tambaye su ko tsarin da kake so yana da Terminal ko SSH, hanyar aika wa sabar umarni daga kwamfutarka.