Halloween na 1978 da na 2007: wanne ya fi ba da tsoro?

A Halloween, fim ɗin tsoro na John Carpenter na 1978, da ƙyar ake ganin jini. Michael Myers, makashin da ke cikin fim ɗin, yana tsaye kawai a gefen shinge da rana tsaka, sanye da farar fuskar roba, kiɗan fiyano na ta maimaituwa. Ba a faɗi dalilin kisansa ba, kuma masoyan fim ɗin sun ce a nan tsoron yake.

Da Rob Zombie ya sake yin fim ɗin a 2007, sai ya daɗe kan ƙuruciyar Michael, gida mai cike da zagi da wulakanci, sannan jini ya kwarara. Akwai masu son wannan zafin. Ni dai ina bayan na farko, domin sanin tarihin yaron tausayi ya sa mini, tsoron ya ragu.