Boga mai tsada ko balangu: wanne ya fi dacewa a ƙunso zuwa gida?

Malam, ka tambaya ko bogar nan ta musamman (burodi mai curin niƙaƙƙen nama a tsakiya) da ake sayarwa a zauren abinci na manyan kantuna ta cancanci kuɗinta idan ƙunsowa za a yi a kawo wa iyali. Amsata ita ce ka kai kuɗinka wurin mai balangu, kuma ba da ka nake magana ba, domin na taɓa saya na yi da-na-sani.

A watan Afrilun bara ne, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, hoton da ke jikin allo ya ruɗe ni na sayi guda biyu da soyayyen dankalin Turawa, a kan kuɗin da zai ƙosar da gidana gaba ɗaya da nama. Aka rufe mini su da zafinsu a cikin roba, na hau kabu-kabu zuwa Arkilla, tafiyar da ba ta wuce minti 20 ba. Da muka buɗe, tururi ya jiƙa burodin da ke ƙasa har yana manne wa yatsa, latas ɗin ya yi yaushi, bama ta tsinke ta kwanta a gindin robar, dankalin kuwa ya yi laƙwas. Uwargida ta dube ni ta ce, "To ina naman?" Ba zan tauye wa boga haƙƙinta ba: idan aka ci ta nan take a cikin sanyin na'ura, tana da daɗi, yara kuma suna sonta.

Shi kuwa balangu, tururin da ke lalata boga shi ne ke gyara shi. Akwai wani dattijo mai nama a wajen Gawon Nama da nake saye a hannunsa fiye da shekara 10, kuma har yau bai taɓa yanka mini ba sai ya fara miƙo ɗanɗano a bakin wuƙa. Ina tsaye nake nuna inda nake so, ko cinyar rago ko haƙarƙari, ya yayyanka a kan takarda, ya saka ɗan kitse, ya zuba albasa da tumatir da yaji, sa'annan ya naɗe ya mayar gefen wuta na ɗan lokaci domin man naman ya ratsa albasar. Ranar da surukaina suka zo daga Birnin Kebbi ba tare da sanarwa ba, bayan sallar isha'i na je wurinsa, ya ƙara mini hanta da ƙoda a matsayin gyara da ya ji cewa baƙi ne. Na iso gida naman yana nan da ɗuminsa, ya ƙara laushi, mutum shida muka ci da burodi da shayi har aka bar wa yara na safe. Ni dai abin yana ba ni mamaki, a garin da aka sani da shanun Gudali da jar akuya, a ce mutum ya biya ninki domin naman da bai ga tsokarsa ba.

Wannan rashin ganin tsokar shi ne inda marasa gaskiya ke cin kasuwarsu, ko da yake ba ka tambaye ni ba. Wasu suna rubuta cewa naman yau ne, alhali daskararren curi ne da ya kwana ya wuni a firji, kuma kowa ya san yadda wutar lantarki take a garin nan, ya narke ya sake daskarewa. Wasu suna cika shi da garin burodi domin ya yi kauri, su lulluɓe shi da cuku da bama yadda harshe ba zai gane ba. Niƙaƙƙen nama kuma ba kamar tsoka ba ne, domin niƙa tana shigar da ƙwayoyin cutar da ke bayan naman zuwa cikinsa, shi ya sa ake son tsakiyarsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Celsius kafin a ci. Idan har ka saya, ka raba curin biyu a gabansu, in ka ga ja a ciki ka mayar musu. Masu balangu ma akwai na banza a cikinsu, masu ɗumama naman kwana su shafe shi da mai ya yi ƙyalli, saboda haka kada ka karɓi wanda aka riga aka yanka aka ajiye a gefe.

Idan yara suka matsa sai boga, ka kai su can su zauna su ci da zafinta. Na gida kuwa, ka je wurin mai nama tsakanin magariba da isha'i lokacin da wuta ta kama sosai, ka zaɓi cinya, ka ce a ƙunsa maka yajin daban.