Gargaɗi: masu na'urar "gwajin hatsi a jini" da ke yawo unguwanni a Birnin Kebbi

Salamu alaikum jama'a, don Allah duk mai tsoho ko tsohuwa a gida ya tsaya ya karanta wannan. Akwai wasu mutane su uku, maza biyu da mace ɗaya sanye da farar rigar asibiti, suna kafa tebur da laima a bakin layi suna cewa suna auna ko jikinka na samun cikakken hatsi, wato hatsin da ba a raba shi da dusarsa ba. Gwaji dubu 5, in sun gama sai su ce jininka ya bushe, ga garin da za ka saya roba ɗaya dubu 25.

Gwaggona suka kama. Tana da ciwon suga, shekara da shekaru tana shan maganinta lafiya lau. Na je gaishe ta sai ta jawo wata takarda daga ƙarƙashin filo, duk Turanci da layuka ja da kore, ta ce "ɗan nan duba min takardar ga, likitocin sun ce rashin hatsi ne ya sa min suga, in na sha garinsu wata biyu in aje ƙwayoyin asibiti." Na ce Gwaggo kin aje? Ta ce kwana tara kenan. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, na auna ta a take sugan ya hau sosai. Matar da tun tana yarinya fura da tuwon dawa ne cimarta, ita ce wai ba ta da hatsi a jiki.

Aikin lab nake yi, wato ɗakin gwajin jini da fitsari, shi ya sa washegari na je da kaina na biya kuɗin ban ce musu komai ba. Na'urar wani ɗan akwati ne kamar rediyo an jona shi da laftof, sai wani ƙarfe da za ka damƙe a hannu minti ɗaya. Ba allura, ba jini, ba fitsari. Kafin ka riƙe sai sun tambayi shekarunka da nauyinka sun shigar. Da yamma na koma lokacin wani daban daga cikinsu ne ke zaune, na ƙara shekara 20 a kan shekaruna, hannu ɗaya jiki ɗaya amma takardar ta fito da cututtukan tsofaffi har da ƙoda. To me aka auna?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne sun ɗauko sunan wani abu na gaskiya sun fake da shi. Eh akwai gwajin da masu bincike ke yi don gane yawan cikakken hatsin da mutum ke ci, domin in ka tambayi mutane me suka ci mantawa suke yi ko su ƙara gishiri. Sinadarin da ake nema sunansa alkilrizosinol, yana zaune ne a cikin dusar alkama da wani hatsi ɗan uwanta da ake nomawa a ƙasashe masu sanyi irin su Suwidin da Finlan, sai ɗan kaɗan a sha'ir. A Suwidin aka yi da yawa daga cikin binciken. Sai an ɗibi jini ko fitsari an kai manyan injinan tantance sinadarai, kuma sinadarin baya daɗewa a jini, cikin kamar awa 5 rabinsa ya fita, don haka abin da ka ci kwanan nan kawai yake nunawa. Ana amfani da shi ne a kwatanta ɗaruruwan mutane a bincike, ba a ce wa mutum ɗaya kana da cuta ba.

Ga kuma inda ƙaryarsu ta ƙare: ba a samun wannan sinadarin a ƙwayar gero da dawa da masara da shinkafa, wato ainihin abin da ke cikin tukunyarmu daga Argungu har Yauri. Ko gwajin gaskiyar aka kawo, wanda ya wuni yana shan fura zai fito kamar bai ci komai ba.

Garin kuwa na buɗe robar Gwaggo na shinshina, ƙamshin dusa da soyayyen waken suya ne, ba lambar NAFDAC ba adireshi ba ranar lalacewa. Dusar da muke zuba wa awaki.

Gaskiya ne hatsi da dusarsa ya fi amfani ga mai suga da mai fama da bushewar ciki, kuma mu kan surfa har ƙwaya ta yi fari tas mu zubar da mai amfanin. Wannan gyaran a turmi yake ko wajen mai injin niƙa, a ce kar a surfa sosai, ba ya cin ko sisi.

Gwaggo ta koma kan maganinta, mun kai ta asibiti likita ya duba ta, dubu 55 ɗinta dai sun tafi. Da na koma neman su teburin ba ya nan, mai shayin wurin ya ce ya ji suna maganar hanyar Jega. 'Yan uwa na Jega da Aliero ku sa ido, in kun gan su ku nemi takardar izininsu ku sanar da mai unguwa ko 'yan sanda, kuma ku bincika ko akwai wanda suka sa ya aje maganinsa a gidanku.